Gudu a Damagaram: lungunan Birni, gonakin gawo da hanyar Mirriya

Yawancin masu gudun motsa jiki a Damagaram filin ƙwallo suke nufa, ko su bi gefen kwalta da sassafe su je su dawo. Ni ma da haka na soma. Amma zagaye fili ɗaya kullum akwai gundura, ƙafa na aiki ido na zaman banza, shi ya sa na shiga neman wasu hanyoyi a cikin gari da bayan gari. Abin da na tarar shi ne, duk inda ka sa ƙafa, ko dai ƙofar gidan wani ce, ko gonar wani, ko hanyar dabbobin wani. Masu wurin su ke yanke maka lokacin fita, da saurin da za ka yi, da inda dole ka tsaya.

Birni, tsohuwar unguwar da fadar sarki take, ya fi ko'ina daɗin gudu, ya kuma fi ko'ina sharaɗi. Lokacinsa ɗan kaɗan ne: daga an sallame asuba gari ya soma wayewa, zuwa kafin 'yan lakwal su fito. Kafin haka duhu ne, kuma ƙaton da ke sheƙa gudu a lungu cikin duhu sunansa ɓarawo har sai an ga fuskarsa. Bayan haka kuwa hanya ta cika, ga 'yan garuwa da kurarsu, ga kabu-kabu, ga awaki, mai ƙosai ta girka kaskonta daidai kwanar da kake shirin sha. Wasu lungunan da ƙyar mutum biyu ke giftawa, kuma ba su san miƙewa ba. Ruwan kwata na gangarowa tsakiyar hanya, dutse ya leƙo daga ƙasa inda ba ka zata ba. Gajeren taku ake yi, ido na ƙasa, sai gaisuwa ce ke ɗago shi.

Ita kuwa gaisuwa babu makawa. Dattijo na zaune kan dakali da carbinsa, ba ka wuce shi fuu ba. Sai ka sassauta, ka ɗan rusuna, ka ce "Baba, ina kwana?" Idan ka saba da lungu, tsofaffinsa ma sun saba da kai, ran da ba ka biyo ba gobe za a tambaye ka ko lafiya. A filin ƙofar fada kam, tafiya nake yi har in fita. Wata safiya wani dogari cikin kayansa ja da kore ya dube ni sama da ƙasa, gumi na tsiyaya, ya ce, "Malam, wa ya koro ka?" Na ce, "Ranka ya daɗe, tumbi ne." Ya ce, "To, Allah ya sa ka tsere masa."

Wannan 'yar tafiyar ita ke ba ni damar kallon ginin da kyau. Fadar da laka aka gina ta, tana nan tun tsakiyar ƙarni na 19, zamanin da Damagaram ke tashe. Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki har 1884, shi ya kewaye Birni da ganuwa, a zamaninsa kuma aka ƙera igwa a cikin garin nan. Ganuwar yawancinta ruwa ya cinye, gidaje sun hau gurbinta, saura guntaye nan da can. Tun 2006 Birni da fadar suna cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa hukumar UNESCO don a sa su cikin wuraren tarihi na duniya. Mai mota ba ya ganin rabin abin da mai ƙafa ke gani a nan, zanen da magina suka yi a goshin zaure, ƙofar icce da ta sha hannu har ta yi sulɓi, soron da aka jingina da dutse aka bar dutsen ya zama bango.

Duwatsun su ne wurin horon numfashi. Garin shimfiɗaɗɗe ne, in kana son hawa sai su. Hawan gajere ne amma yana tsinka numfashi, saukar kuma ta fi hawan haɗari, musamman da hunturu lokacin da ƙura ta kwanta a kan dutsen, takalmi ya daina kamawa. A karkace nake sauka, gwiwa a lanƙwashe. Kusa da nan tsohon sansanin Faransawa yake, wanda suka gina bayan sun ci garin a 1899, suka sa masa sunan Cazemajou, kyaftin ɗinsu da aka kashe a nan a 1898 zamanin Sarki Amadu Kuren Daga. Daga garin nan suka riƙa mulkin Nijar har 1926 da suka mai da hedikwata Yamai. Wajen sojoji ne, saboda haka in na doshi wurin, waya tana aljihu, ba hoto, ba tsayawa duba taswira.

Zango ba shi da wuya. Unguwar fatake ce tun zamanin da ayarin raƙuma ke saukowa daga Agadas da bayanta, can attajirin nan Malam Yaro ya zauna, kuma har yau akwai gidaje masu ado a bango. Ina bi ta ciki in na fito Birni ina son in saki ƙafa.

Bayan gari wata duniya ce, kuma kalandar manomi ce ke mulkinta. Daga shuka zuwa girbi gona ba wurin gudu ba ce. Burtali kawai za ka bi, ko turbar da ke tsakanin ƙauyuka, gero ya fi ka tsawo dama da hagu, iska ba ta shiga, ciyawa ta rufe gefen hanya, kuma lokacin ne kububuwa ke yawo. Sai an yanke gero an kai rumbu fili ke buɗewa. Ko a lokacin ma ba a ratsa gona kai tsaye: kunya na karya taku, gindin karan da aka sare kuma tsini gare shi.

Yashi shi ne malamin farko. Kilomita biyar a cikinsa sun fi takwas a kwalta cin ƙarfi, kuma sharaɓa da agara ke biyan kuɗin washegari. A hanyar amalanke, tsakiya inda sa ko jaki ke takawa ya fi ko'ina laushi. Gefe-gefe, inda saiwar ciyawa ta riƙe ƙasa, nan ake samun wurin taka ƙafa. Amma a gefen ne ƙarangiya ke jira. Da kaka, taku goma sun isa safa da igiyar takalmi su cika dam. Ba a cire ta da busasshen hannu, ƙananan ƙayoyinta su karye a yatsa su kwana suna zugi. Sai ka jiƙa yatsu da ruwa ko da miyau, ka kama ta a hankali ka zare. Safa gajeriya marar gashi, igiya a cusa cikin takalmi. Tsidau kuma a kwance yake, tsininsa na kallon sama, takalmin gwanjon da ƙasansa ya suɗe ba ya tare shi.

Abin da ke mayar da ni gonakin duk da wannan shi ne gawo. Itacen nan saɓanin sauran yake: da damina ya kaɗe ganye ya bar wa gero rana, da rani ya yi kore shar, dabbobi su taru ƙarƙashinsa suna cin 'ya'yansa suna barin taki. Tsofaffi na ba da labarin cewa sarakunan Damagaram sun hana saransa da hukunci mai tsanani. Daga shekarun 1980 kuma manoman Mirriya da Magarya da Matamaye suka rungumi sassaben zamani, ba sa tumɓuke tohon itace in suna share gona, sai su zaɓi mai ƙarfi su gyara shi ya tashi. Yau in ka kutsa kudu ko gabas da rani, daga inuwa zuwa inuwa kake gudu. Ni da su nake auna nisa: in kai wancan gawon da sauri, in sassauta zuwa na gaba.

A ƙauye tambayar ta fi ta birni zafi, don ganin baƙo a guje alamar wuta ce ko ɓatan dabba. Tun daga nesa nake komawa tafiya, in yi sallama, in ce "Sannunku da aiki, Inna" ga matan da ke bakin rijiya. Kusa da rugar Fulani ma haka, don kare ba ya bin mai tafiya yadda yake bin mai gudu. In ya taso, ka tsaya ka fuskance shi, ka kira masu gida.

Ruwa kuwa, ɗan Damagaram ba a koya masa darajarsa. Garin a kan dutse yake, ƙasarsa ba ta riƙe ruwa, daga Gogo da Machaya da Arunguza ake turo shi ta bututu, kuma da bazara famfo kan yi kwanaki shiru a wasu unguwanni. Da nawa nake fita. In na sha na leda, ledar aljihu take komawa, don akuya ba ta ƙyale ta. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, in rana ta ɗaga an tashi wasa, ko ka kai inda ka nufa ko ba ka kai ba.

Doguwar hanyata ita ce ta Mirriya, kilomita 18 gabas da gari a kan babbar kwaltar da ta nufi Diffa, kuma sai da sanyin Disamba ko Janairu nake yin ta. Hannun hagu nake bi don in riƙa ganin abin da ke tahowa, in babbar mota ta doso in sauka ƙasa gaba ɗaya, ba a jayayya da ita. Na fi son Lahadi, ranar kasuwar garin, saboda hanya ba ta rabuwa da mutane, masu amalanke da masu kora tumaki, in ƙafa ta ƙi akwai wanda zai ɗauke ka. Manyan kukoki ne ke fara sanar da kai ka iso, sai lambuna, salati da shu da tumatir, sanyin ƙasar da aka yi wa ban ruwa ya bugi ƙafafunka. Lambu ba a shiga sai da izinin mai shi, ta bayan shinge nake zagawa in ɓulla wajen masu tukwane da tuluna. Dawowa a mota ce, don haka kuɗin mota da na fura suna ƙulle a leda cikin aljihun wando, tare da busasshiyar riga, saboda fasinjan da za ku matsu kujera ɗaya bai yi gudun tare da kai ba.