Yadda na shirya maƙalata kafin in tura wa mujalla

Tun kafin in kammala rubutun na zaɓi mujallar da zan tura wa. Na sauke ƙa'idojin da ta gindaya wa marubuta, sannan na karanta wasu maƙalolin da ta buga kwanan nan, domin a nan ake ganin yadda ake bin ƙa'idojin a aikace.

Taƙaitaccen bayanin farkon maƙala shi ya fi cin lokacina. An ce kada ya wuce kalma 250, kuma a cikinsa sai an faɗi manufa, hanyar bincike, sakamako da abin da aka fahimta. Yankewar ce ta nuna mini ainihin abin da nake son faɗa.

Sai manazarta. Na saba da tsarin APA, inda ake sa sunan marubuci da shekara. Ita kuwa wannan mujalla tsarin Vancouver take bi, wanda ya samo asali daga taron editocin mujallun likitanci a 1978: kowace madogara da lambarta, bisa jerin fitowarta a rubutu. Ka ƙara guda ɗaya a tsakiya, duk lambobin da ke biye da ita sun sauya. Manhajar Zotero, mai tsara manazarta, ta ɗauke mini wannan wahala, amma ban sakar mata komai ba. Na bi kowace madogara da ido, na buɗe DOI ɗinta, wato lambar da ke kai mutum ga takarda a intanet, na tabbatar takardar da nake nufi ce.

Abin da na fi so ɗalibai su kiyaye shi ne ɓoye suna. Idan mujalla ba ta son masu bita, wato masanan da ke tantance maƙala kafin a buga, su san marubuci, cire suna a shafin farko bai wadatar ba. Word yana ajiye sunanka a bayanan fayil, sashen godiya yana tona inda kake aiki, haka ma jimla irin "kamar yadda na nuna a bincikena na baya".

Hotuna na ɗora su daban, a 300 dpi, wato ma'aunin ingancin hoto. Na sa tazara biyu tsakanin layuka, na kuma sa wa kowane layi lamba, don mai bita ya iya cewa "duba layi na 142" ba tare da lalube ba. Mutumin nan galibi kyauta yake wannan aiki, bai kamata a wahalar da shi ba.

Da na ɗora komai, shafin mujallar ya haɗa fayilolin zuwa PDF guda. Na karanta shi daga farko har ƙarshe, na duba jadawalai da alamomin lissafi ko sun fito daidai, sannan na danna turawa.