Alhamis da mura, ni da Vivien Leigh

Yau ko ƙofar gida ban leƙa ba, mura ta kwantar da ni tun asuba, sai na jawo kwamfuta na kunna tsohon fim ɗin nan baƙi da fari na 1951, A Streetcar Named Desire. Ina cikin kallo Umma ta shigo min da kunun tsamiya, ta tsaya a kaina kaman minti biyu tana kallon allon sai ta ce "wannan baturiyar ba ta da lafiya, dubi idonta." Umma fa ba ta jin turanci, amma wallahi ta canka daidai.

Vivien Leigh ke nan. A Darjeeling ta Indiya aka haife ta a 1913, tana shekara 6 aka kai ta makarantar kwana a Ingila. Mutane sun fi saninta da fitowa a matsayin Scarlett a fim ɗin Gone with the Wind na 1939, ga kyau kaman ita ta yi kanta, lambar yabon fim ta Oscar har biyu, amma ni abin da ke taɓa min zuciya daban ne. Wannan Blanche da nake kallo a fim ɗin, matar da hankalinta ke gushewa a hankali, sai da Vivien ta fito a matsayinta a dandamali a Landan sama da sau 300 tun 1949, mijinta Laurence Olivier ne ma ya ba da umarni, alhali ita kanta tana fama da irin ciwon ƙwaƙwalwar nan da ke hana mutum barci kwana da kwanaki sannan ya jefa shi cikin baƙin ciki. Kullum dare ki fito gaban jama'a ki taka abin da kike tsoro ya same ki! A 1953 ciwon ya kayar da ita ana tsakiyar ɗaukar fim a Siri Lanka, aka sa Elizabeth Taylor a madadinta. Ga kuma tarin fuka tun shekarun 1940, shi ya yi ajalinta a Yulin 1967 tana shekara 53, tana shirin sabon wasa. Gidajen wasan Landan suka kashe fitilunsu na awa ɗaya.

Da na gama ba Umma labarin ta yi shiru, can ta ce "Allah sarki, to wa ya yi jinyarta?" Na ce auren ya mutu tun 1960, wani ɗan wasa John Merivale ne ya zauna da ita har ƙarshe. Ta ɗauki kofin ta ce kunun ya huce, bari ta ɗumama min.