Daren da kwamfutata ta ƙi tashi a Makka

Ranar Alhamis da daddare, a ɗakina da ke Shara Mansur, na bar kwamfuta tana sabunta babbar manhajarta ban jona ta da wuta ba, batir kuwa ya ƙare ana tsakiyar aikin. Bayan sallar Asuba na kunna ta, sai ta riƙa mutuwa tana tashi, domin sababbin fayilolin da ke tayar da ita ba su gama zama ba, tsofaffin kuma an riga an taɓa su.

Abin da ya fi damuna shi ne lissafin dabinon da nake aika wa abokan ciniki a Kano. Ƙanena ya kwashe abin da ya samu a cikin kwamfutar ya zuba a filas, wato ƙaramar na'urar ajiye fayiloli, ya sake ɗora manhajar, amma lissafin watan Sha'aban bai dawo ba har yau.