Idan sankarar mama ta kama matarka a Ingila

A gida jinya ta mata ce. Mace na kwanciya uwarta za ta taho, ƙanwarta ta shimfiɗa tabarma a asibiti, maƙwabta su aiko da kunu a fulas. Maigida nasa biyan kuɗi da zuwa dubiya. A Ingila babu wannan gayyar. Kai ne uwar, kai ne ƙanwar, kai ne mai kai yara makaranta, kuma babu wanda ya koya mana wannan kafin mu hau jirgi.

Komai daga likitan unguwa yake farawa, wanda ake kira GP. Rajista kyauta ce, ba a tambayar takardar zama. Idan ta ji ƙullutu a mama ko a hammata, ko kan nonon ya shige ciki, ko yana fitar da jini, a nemi ganin likita a makon nan, kada a jira hutun Disamba a duba a gida. Ƙa'idar NHS, hukumar lafiya ta gwamnati, ita ce a san sakamako cikin kwana 28 daga ranar da GP ya tura ta asibiti, a fara magani cikin kwana 62. A asibitin mama za a duba ta, a ɗauki hoto, a ɗebi 'yar tsoka da allura. Tana da damar neman likita mace da tafinta, kyauta. Kada ka zama tafintanta: akwai abin da ba za ta faɗa ta bakinka ba, kai ma tausayi zai sa ka sassauta maganar likita. Ba kuma za a gaya maka komai a kanta ba sai da izininta, to ku roƙi a rubuta izinin a fayil tun ranar farko.

Yawancin ranakun ganin likita ta wasiƙa suke zuwa. Sabon zuwa kuwa yana yawan sauya gida, wasiƙar ta faɗa tsohon adireshi, ranar ta wuce. Duk ranar da kuka tashi, a sanar da GP da asibiti duka biyu.

Batun kuɗi yana da tarko. Wanda ya biya kuɗin lafiya tare da bizarsa, fam 1,035 a shekara ga babba tun 2024, tiyata da magani duk babu ƙarin biya. Amma mahaifiyar da ta zo da bizar ziyara ana cajinta kashi 150 cikin 100 na kuɗin aikin, bashin fam 500 da ba a biya ba kuma yana iya hana biza nan gaba. A cike fom FP92A a wurin likita, matarka ta samu magungunan da ake rubuta mata kyauta har shekara 5. Idan bizarku ta hana karɓar tallafin gwamnati, kada ka nemi alawus na mai jinya kafin ka tambayi masana. Macmillan, ƙungiyar taimakon masu sankara, na ba da shawara kyauta a 0808 808 00 00. A wurin aiki, tun Afrilun 2024 doka ta ba ka mako guda a shekara don jinya, sai dai ba albashi. Ka adana shi don ranar tiyata da kwanakin bayanta.

Inda hankalinka zai fi amfani shi ne lokacin kemo, wato maganin kashe sankara da galibi ake sa wa ta jijiya. Sau da yawa duk bayan mako uku ake yi, kuma tsakanin kwana 7 zuwa 14 da yi garkuwar jikinta take faɗuwa ƙasa. Sayi ma'aunin zafin jiki ka ajiye a gefen gado, ka manna lambar gaggawa da asibiti ya bayar a jikin firji. Zafi ya haura 37.5, ko ya sauka ƙasa da 36, ko tana rawar ɗari, a kira nan take ko ƙarfe biyun dare ne. Mu mun saba da cewa a sha farasitamol a ga wayewar gari. A nan wannan ɗabi'ar tana iya kisa, domin maganin yana ɓoye zazzaɓi, ƙwayar cuta kuma ta shiga jini cikin 'yan awoyi.

Ƙamshin soye-soye na tayar mata da zuciya, saboda haka a yi girki taga a buɗe, a ba ta kaɗan-kaɗan: kunu, farfesu marar yaji sosai, ruwa a kusa. 'Yan uwa za su aiko da sassaƙe da garin magani ta hannun matafiya, da kyakkyawar niyya. Addu'a da tofi a yi ta yi, amma duk abin da zai shiga ciki a nuna wa nas mai kula da ita tukuna, don wasu itatuwan suna karo da kemo. Azumi ma a tambayi likita da malami, tunda Allah Ya yi wa marar lafiya rangwame.

Idan kuna son ƙarin haihuwa, ku faɗa kafin a fara kemo, lokacin ne ake iya adana ƙwai. Maganin Tamoxifen da wasu ke sha shekara 5 zuwa 10 ba a ɗaukar ciki a kansa. Idan an cire kaluluwar hammata, hannun wannan gefen na iya kumbura ko bayan shekaru, sai a riƙa lura: zobe ya matse ko hannun riga ya ɗame, a gaya wa nas a makon. Ranar da za a kwance bandeji kuwa, ka tambaye ta ko tana so ka tsaya. In ta ce eh, ka kalli tabon, kada ka kau da kai, domin fuskarka za ta duba kafin ta duba ƙirjinta.