Wai yau zai bar nan

A shekarata ta farko ina koyar da bayoloji a wata sakandare a Daura, babu darasin da ya ba ni kunya kamar na sauyin ƙwayoyin gado. Na karanto wa 'yan aji shida abin da ke cikin littafi tiryan-tiryan, suka kwafe, aka tashi. Da na yi musu gwaji sai na ga haddar aku kawai aka yi.

Da shekara ta zagayo sai na sake dabara. Na shiga aji na rubuta a allo: WAI YAU ZAI BAR NAN. Na ce su lura, kowace kalma harafi uku ce. Haka jiki yake karanta DNA, wato rubutun gado da ke cikin ƙwayoyin halittarmu. Haruffansa huɗu ne kacal, A, T, G da C, kuma uku-uku ake ɗaukarsu, galibi kowane uku na nuna sinadari guda da za a jera wajen ƙera furotin. Sai na goge Z na sa B. Aji ya karanta da ƙarfi: wai yau BAI bar nan. Harafi ɗaya ya juya maganar gaba ɗaya. Na mayar da Z, na goge Y ɗin YAU, na ce a sake raba haruffan uku-uku. Aka samu WAI AUZ AIB ARN AN. Dariya ta ɓarke, wani daga baya ya ce, "Malam, wannan ai yaren aljanu ne." Amma sun gane da kansu cewa faɗuwar harafi ko ƙaruwarsa ta fi musanya ɓarna, don duk abin da ya biyo baya rushewa yake yi.

Daga nan na shiga sikila, tunda babu wanda bai san mai ita ba. DNA a ƙunshe yake cikin ƙulle-ƙulle da ake kira kromozom, kuma a na 11, inda aka rubuta yadda ake ƙera wani ɓangare na himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar iska a cikin jini, GAG ne ya koma GTG. Shi ke nan. Wannan harafi guda shi ke sa jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini, yaro ya kwana yana kukan ƙashi, musamman lokacin hunturu. Na bambanta musu wannan da sauyin da ke shafar kromozom sukutum. Mutum na da 46, rabi daga uwa rabi daga uba. Wani lokaci wani yanki ya ɓalle, ko ya maimaitu, ko ya manne a inda ba wurinsa ba. Wani lokaci kuma adadin ne ke sauyawa, kamar a lalurar Down, inda na 21 ke zuwa uku maimakon biyu, jimilla 47. A 1959 aka gano hakan a Faransa.

Sai na zo kan dalilai, kuma a nan na tafka kuskure. Na jero su kamar kayan miya: kuskuren kwafi lokacin da ƙwayar halitta ke rabuwa, zafin hasken rana, wanda shi ya sa kansar fata ke addabar zabiya, hayaƙin taba, da gubar afalatoksin da ke cikin gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna, wadda ke iya kaiwa ga kansar hanta. Duk gaskiya ne. Na fita ina jin na burge.

A baranda wata ɗaliba ta tare ni, kanta a ƙasa. Ta ce, "Malam, ke nan gyaɗar da Inna take ci ce ta sa ƙanena ya zama sikila?" Ashe a gidansu kakarsu ta wajen uba ta daɗe tana cewa daga ɗakin uwar aka kwaso ciwon, ni kuma na ba yarinyar hujjar da za ta yarda. Jikina ya yi sanyi. Na haɗa abu biyu a kwano ɗaya ban faɗi bambancinsu ba. Sauyin da rana ko taba ko fumfuna ke yi wa fata ko huhu ko hanta a jikin mai shi yake tsayawa, ba ya bin 'ya'ya. Wanda ake gado shi ne wanda ke cikin ƙwan mace ko maniyyin namiji. Na sikila kuwa ya faru dubban shekaru da suka wuce, ya kuma yawaita a ƙasashenmu ne saboda mai AS, wato wanda ya gaji S na sikila daga ɓangare ɗaya da lafiyayyen A daga ɗayan, ya fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Tun daga ranar ba na ambatar dalilai sai na fara raba waɗannan biyun a allo, da layi a tsakiya.

Washegari na zo da ƙorai biyu na maiɗakina. Kowace na zuba mata farin wake da jan wake daidai wa daida, fari A, ja S. Na ce wannan uba mai AS, waccan uwa mai AS, ja biyu kuma shi ne sikila, wanda yiwuwarsa ɗaya ce cikin huɗu. Kowane ɗalibi ya rufe ido ya ɗauko ƙwaya ɗaya daga kowace ƙwarya. Ba a jima ba suka ga ba a samun ja biyu sai kowace ƙwarya ta ba da nata. Wani yaro ya ɗebo ja biyu sau biyu a jere, ya ce, "Malam, ba ka ce ɗaya cikin huɗu ba?" Na ce ya mayar da waken ya sake. Ƙwarya ba ta tuna abin da ta bayar ɗazu, haka ma ciki: kowane da nasa lissafin. Wannan ya fi komai muhimmanci a wurina, don na sha jin masu shirin aure suna cewa in na fari ya zo da ita, ukun da ke biye sun tsira.

Da aka kaɗa ƙararrawa yarinyar ta tsaya har kowa ya fita, ta ce ko zan ara mata waken, akwai wadda take so ta nuna wa a gida. Na ƙulla mata shi a leda biyu. Ƙoran ne dai na ce ta nemi nasu, don da sharaɗi aka ba ni aro.