Taɗiyar da Bimba ya gada a wurin mahaifinsa

Daga Kano sai Addis Ababa, daga nan Sao Paulo, sannan jirgin cikin gida na awa biyu da 'yan kai ya sauke ni a Salvador, babban birnin jihar Bahia a Birazil. Na iso jiki duk ya yi tsami. Ƙosai ne ya farfaɗo da ni. Wata mata cikin fararen kaya tana tuya shi a manja, ta tsaga ta cusa masa jatan lande da yaji, su acarajé suke ce masa. Ina ci ina tuna cewa Hausawa ma an kawo su garin nan a ɗaure, suna cikin bayi Musulmi da suka yi bore a 1835.

Kapuwera ce ta kawo ni, wato wasan faɗa na Birazil da ake haɗawa da kiɗa da rawa. Da la'asar na hau tudun unguwar Pelourinho, ina bin sautin berimbau, wani baka mai tsirkiyar waya da aka ɗaura wa ƙoƙo, har wani ɗaki a saman bene. An yi zobe ana tafi, mutum biyu a tsakiya suna kai gwauro suna kai mari kamar masu rawa, sai ka ga dunduniya ta gilma ta gefen kunne.

Malamin, dattijo mai furfura, a tafarkin Mestre Bimba yake, malamin da ya ƙirƙiro sabon salon wasan (Mestre na nufin babban malami). Ta bakin tafinta ya ce kada in kalli sama, in dubi ƙafar da ke ƙasa. Mahaifin Bimba gwanin batuque ne, wasan da mutum ɗaya ke kafewa a tsaye, ɗayan ya nemi kayar da shi da taɗiya ko bugun cinya. Ita kapuwera a hannun wani ma'aikacin jirgin ruwa mai suna Bentinho Bimba ya koye ta, ya kuma yi dako a tashar jiragen ruwa. Da ya ga wasan ya fara zama na nishaɗin 'yan kallo, sai ya zuba masa taɗiyar gidansu, ya ƙara masa sauri, ya tsara darussa takwas da ake bi daki-daki. A zamaninsa kapuwera haramtacciya ce a doka tun 1890, shi ya sa ya laƙaba wa nasa salon Luta Regional Baiana, wato wasan faɗa na yankin Bahia. Ya buɗe makaranta a 1932, hukuma ta amince da ita a 1937.

Wani babban malamin kuwa, Mestre Pastinha, ya riƙe tsohon salon da ake kira Angola, a hankali, ƙasa-ƙasa, cike da yaudara. Ni dai na Bimba ya fi kwanta mini, wataƙila don na yi kokawa ina yaro a fagen ƙauyenmu bayan girbi.

Wannan kokawar ce ta ja mini. Dattijon ya yafuto ni cikin zobe, na shiga ina jin ai na san kan tsayuwa. Hannunsa nake tsaro, yadda aka koya mana. Ban ga lokacin da ya sunkuya ba, sai dai na ji ƙafar da na jingina nauyina a kai ta bar ƙasa, na zube a kan katako tim. Masu tafi ba su ko tsagaita ba. Ya miƙo hannu ya ɗaga ni, na ce "Mestre" ina haki, ya nuna duga-dugaina yana dariya. Da ɗingishi na gangara tudun, na tarar mai ƙosai ta kwashe kaskonta.