Haƙori Ɗaya Ne Ya Sa Aka Ɗaure Shi

Aikina kula da manya masu jinkirin fahimta ne a cikin garin Katsina. Gida-gida nake bi, a ƙarƙashin wata 'yar ƙungiya da ko mota ba ta da ita. Waɗanda nake hulɗa da su ba masu taɓin hankali ba ne, ko da yake jama'a kan haɗa su wuri guda. Wasu haka aka haife su, wasu kuma tun suna jarirai wani abu ya taɓa ƙwaƙwalwar: doguwar naƙuda, shawarar da ba a kai asibiti ba, sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai. Suna koyo, a hankali ne kawai, kuma sai an yi ta maimaitawa.

Akwai wani da har yau in na tuna abin da aka yi masa sai raina ya ɓaci. Ba zan faɗi sunansa ba, Yaya dai muke ce masa, don ya girme ni. Ya haura shekara talatin, yana zaune da mahaifiyarsa da iyalan wansa ta wajen Ƙofar Marusa. Lalurar Down gare shi, wadda ƙarin ƙwayar halitta ta 21 ke jawowa, irin waɗanda a da ake ce wa 'yan ruwa. Maganarsa ba ta wuce kalma biyu ko uku a jere, amma mutum ne mai fara'a da son tsabta. Mun yi nisa da shi ƙwarai. Yana wanka da kansa, yana alwala, da an kira salla zai ɗauki hularsa ya nufi masallacin unguwa. Na samar masa wuri a shagon wani mai kayan masarufi, yana jera ruwan leda a firji, yana share ƙofa, da yamma a sallame shi da ɗan abin da ya samu.

Kuɗi ma ya iya. Da launi ya fara gane su, sai ga Babban Banki ya sauya fasalin naira a ƙarshen 2022, ɗari biyu ta koma ja, ɗari biyar kore, dubu shuɗiya, komai ya rikice masa. Muka koma kallon fuska: mai rawani, wato Sardauna, ɗari biyu ne, mutum biyu dubu ce, Murtala kuwa dama ya san abinsa. Na faɗi wannan ne don a san irin mutumin da aka ce wai ya haukace.

Abin ya soma ne da ƙin cin tuwo. Sai tashin dare, yana zagaye tsakar gida yana gurnani. Sai marin kansa, kullum a kunci ɗaya, yana buga kai da bango. Ran da ɗan wansa ya haye masa wuya da wasa kamar yadda suka saba, ya hankaɗe yaron har ya fasa leɓe, shi ke nan gida ya yanke hukunci: ciwon ya tashi. Wane ciwo? Mutumin da tun haihuwarsa bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba!

Na ce wa Hajiya, mahaifiyarsa, mu kai shi asibiti a duba jikinsa, ruwa ba ya tsami banza. Ta ce, "Ɗan nan, ai wannan ba na asibiti ba ne, iska ce." Wansa kuwa cewa ya yi in ɗan dakata da zuwa sai sun gama nasu, kuma ni ba ni da ikon kutsa kai gidan mutane. Aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi, aka ba shi rubutu. Ban raina addu'a ba, ni ma ina yi masa, amma addu'a ba ta hana a buɗe bakin mutum a leƙa. Da abin ya ƙi, sai aka kira wani mai kemis yana zuwa yana yi masa allurar barci. Ya farka ya ci gaba da buga kai, a ƙara masa. Daga nan aka kulle shi a ɗakin soro, aka ɗaure hannunsa da igiya a jikin taga don kada ya ji wa kansa ciwo. Har an fara zancen gidan mari, a Katsinar nan da kowa ya ga abin da 'yan sanda suka fito da shi daga irin waɗannan gidaje a Daura da cikin gari a watan Oktoban 2019, mutane da sarƙa a ƙafa, jiki duk tabo.

Hajiya ce ta kira ni a ɓoye, da ta ga ɗanta ya rame ya lalace. Na shiga soron, na zauna a ƙasa nesa da shi kaɗan, ban yi magana ba, don in aka matsa masa da tambaya rufewa yake yi. Na miƙa masa ruwan leda mai sanyi, abin da ya fi so a duniya. Ya kurɓa ɗaya ya yi ƙara, ya yi jifa da shi, ya dafe kunci. Aka kawo kunu mai ɗumi, ya karkatar da kai gefe guda yana sha a hankali. Da na matso sai wari ya buge ni daga bakinsa, kuncin dama kuma ya ɗan tasa, abin da duhun ɗakin ya ɓoye. Na haska fitilar waya. Turmin haƙorinsa na ƙasa ya rube ya yi baƙi, dasashin ya kumbura yana fitar da mugunya.

Haƙori ne. Makonni yana fama da ciwon da ke sa ƙato lafiyayye kuka da hawaye, shi kuma ba shi da bakin da zai ce ga inda ke yi masa. Marin kuncin nan da aka ɗauka aikin aljanu ne, nuni yake yi mana. Allurar ma ƙara dagula lamarin ta yi, don irin waɗannan magunguna suna busar da baki, suna kuma hana bayan gida, ga shi bai iya cewa cikinsa ya ɗaure.

Kai shi wurin likitan haƙori ma aiki ne. Sai da muka fara zuwa ya ga kujerar, ya taɓa ta, ya zauna ya sauka ba a yi masa komai ba. Na gaya wa likitan ya bincika zuciya tukuna, domin kusan rabin masu lalurar Down da matsalar zuciya ake haifarsu. Aka ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta, kumburi ya saɓe, aka cire haƙorin. Ba a rufa mako ba ya cinye malmalar tuwo biyu, ya nemi hularsa.

Tun daga lokacin, duk gidan da aka ce mini wane ya canza hali, jiki nake fara bi kafin komai. Baki da haƙora, kunne ko ya toshe ko yana ruwa, rabonsa da bayan gida, fitsari ko yana masa zafi, tafin ƙafa ko ƙaya ta shige, takalmi ko ya matse. Mace kuma abokiyar aikina ke tambayar al'ada, da abin da ba a son faɗa, ko wani ya taɓa ta. Masu Down suna yawan samun ciwon dasashi da raunin aikin thyroid, ƙullin da ke maƙogwaro, wanda ke sa kasala da ƙiba har a ce lalaci ne, kuma mantuwar tsufa kan zo musu da wuri, tun daga shekara arba'in zuwa hamsin. Mai shan maganin farfaɗiya a riƙa duba dasashinsa, akwai wanda ke kumbura shi. Kowane gida na ajiye musu littafi 'yar arba'in, a rubuta abin da ya ci, barcinsa, da ranar da aka ga sauyi. Da akwai littafin nan a gidan su Yaya, da kowa ya ga cewa ƙin tauna ne ya riga buga kai.

Dokar hana nuna wa masu naƙasa wariya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga wanda ya karya ta, an kuma kafa musu hukuma ta ƙasa a 2020. Amma in ana taron masu buƙata ta musamman, guragu da makafi da kurame suna da sarakunansu da ƙungiyoyinsu, suna tashi su faɗi kokensu. Irin su Yaya ba mai tashi a madadinsu sai uwa, ita kuma abin da maƙwabta suka gaya mata shi ta sani. Shi ya sa ba na ganin laifin Hajiya. Mai kemis ɗin nan ne ban yafe wa ba, wanda ya yi ta soka wa mutum allura yana karɓar kuɗi, bai taɓa cewa a buɗe baki ya gani ba.

Haƙorin ya fita, amma ɓarnar tana nan. Sawun igiya bai goge daga wuyan hannunsa ba. Ba ya yarda ya bi ta soron nan shi kaɗai, sai an riƙe masa hannu, don haka masallacin da yake zuwa da kansa yanzu sai da rakiya. Yaran unguwa da suka saba kiransa Yaya sun koma gudu in sun hango shi. Mai shagon kuma ya ɗauki wani yaro. Na je na yi masa bayani, har takardar asibiti na nuna masa, ya ce shi bai ƙi ba, amma masu sayayya sun tsorata, in bari a ga bayan Salla. Sallar ta wuce. Jibi zan koma, kuma tare da Yaya za mu je, ya gan shi da idonsa.